TANGISTIN A DUWATSUN RIRUWAI: YADDA YA SAMU DA YADDA MA'ADINAI SUKA JERU

Takardar da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



GABATARWA

Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan dama ta yin bayani a kan wani al'amari da ya shafi kowane ɗan asalin Riruwai da kewayenta, ko yana zaune a gida ko kuwa neman abinci ya kai shi Kano ko Kaduna ko Jos ko Abuja ko Legas. Al'amarin kuwa shi ne arzikin da ke kwance a cikin duwatsun da suka yi wa garinmu ƙawanya. Kowa a cikinmu ya tashi ya ji ana maganar kuza, domin da ita aka san mu tun kafin zuwan Turawa. To amma akwai wani ƙarfe da ke zaune tare da kuzar, wanda idon duniya ya koma kansa a 'yan shekarun nan, wato tangistin, wanda masu haƙa suka fi sani da wulfuram.

Abu ɗaya muke so mu tabbatar a wannan takarda. Ma'adinan da ke cikin dutse ba kara zube suke ba. A jere suke, kowane da mazauninsa, tamkar yadda kasuwa take da layin 'yan koli da na mahauta da na masu hatsi. Wanda ya san jerin, da ya ga ma'adini ɗaya ya san abin da ke maƙwabtaka da shi, ya san abin da mai yiwuwa ne a tarar in an nutsa ƙasa. Wanda bai sani ba kuwa, zai sa hannu a takarda ya bayar da abin da bai san darajarsa ba, ya kuma karɓi cutar da bai san da ita ba. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

MENE NE TANGISTIN?

Tangistin ƙarfe ne mai ruwan toka, mai nauyin gaske. Nauyinsa kusan ɗaya yake da na zinariya, wato ya ninka na ruwa sau 19 da ɗoriya. Duk a cikin ƙarafa babu wanda ya kai shi jure wuta, domin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyas, alhali baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538. Wannan ne ya sa aka daɗe ana yin zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi. In aka haɗa shi da sinadarin gawayi, sai a sami wani abu mai taurin da ya doshi na daimon. Da shi ake yin haƙoran injin haƙa rijiyar burtsatse, da bakin injinan yanka ƙarfe, har da ɗan ƙwallon da ke bakin biro. Akwai ɗan guntunsa a cikin wayoyin hannu da yawa, shi ke sa su girgiza in kira ya shigo. Masu ƙera makamai ma ba su da kamarsa.

Kalmar tangistin daga harshen mutanen Suwidin take, ma'anarta dutse mai nauyi. Wani masanin ƙasar mai suna Carl Scheele ya gano sinadarinsa a 1781, sannan a 1783 waɗansu 'yan'uwa biyu 'yan Sifen, masu laƙabin Elhuyar, suka fitar da ƙarfen kansa. Sunan wulfuram kuwa daga masu narkar da kuza na ƙasar Jamus ya fito. Sun lura cewa in wannan baƙin dutse ya shiga murhu tare da kuza, sai ya janye ta zuwa cikin kashin maƙera, amfanin ya ragu, don haka suka kamanta shi da kyarkeci mai cinye tumaki. Ke nan tun daga sunan ana iya ganin cewa shi da kuza maƙwabtan juna ne.

Duwatsu iri biyu ake haƙa domin samun sa. Na farko shi ne wulfuramait, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, wanda ya ƙunshi tangistin da baƙin ƙarfe da manganis. Na biyu shi ne shilait, mai haske-haske, wanda aka fi samu a inda narkakken dutse ya haɗu da farin dutsen da ake yin siminti da shi. Namu na wannan yanki irin na farko ne.

A 2024 ƙasar Sin ce ta samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na tangistin ɗin da aka haƙa a duniya, kuma a watan Fabrairun 2025 ta sanya takunkumin neman izini kafin a fitar da shi daga ƙasarta. Wannan ya sa manyan ƙasashe suka shiga neman wasu wuraren. Duk garin da ke da shi a ƙasarsa, ya sa ran baƙi.

ASALIN DUWATSUNMU

A 1911 wani Bature masanin duwatsu mai suna J. D. Falconer ya raba duwatsun garanayit na Arewacin Nijeriya gida biyu: tsofaffi da sababbi. Tsofaffin sun kai kimanin shekara miliyan 600, su ne falalen da ake gani birjik a ƙasar Zazzau da Katsina da Kano. Sababbin kuwa su ne irin namu. Sun jeru a wani dogon layi tun daga duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, suka bi ta Damagaram, suka shigo ta Dutse da Ningi da Riruwai da Jos, har zuwa duwatsun Afu a Jihar Nasarawa. A Nijeriya kaɗai akwai gungu fiye da 50 na irinsu. Wani abin mamaki, shekarunsu na raguwa ne yayin da ake yin kudu: na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Afu kimanin miliyan 140, namu na Riruwai kuwa wajen miliyan 170.

Duk wanda ya duba taswirar yankinmu zai ga duwatsun sun yi zobe, mai faɗin kimanin kilomita 16. Wannan zobe saura ne na wani ƙaton dutse mai aman wuta. A wancan zamani narkakken dutse ya taso daga can ƙasa ya taru a wani kogo, ya yi ta amayo toka da wuta. Da kogon ya fara zama fanko, sai rufinsa ya rufta, ƙasa ta tsage a kewaye, narkakken dutse ya bi tsagar ya daskare, ya bar zoben da muke gani. Daga baya wani narkakken dutsen ya sake tasowa, amma shi bai kai ga fitowa fili ba. Ya tsaya a ƙarƙashin tarin tokar ya huce sannu a hankali, ya zama garanayit ɗin da ke tsakiyar zoben. A cikinsa ne arzikin da muke magana a kai yake.

YADDA ƘARFEN YA TARU WURI ƊAYA

A dutse na yau da kullum, tangistin bai wuce giram ɗaya zuwa biyu a kowane tan ba. Kafin haƙarsa ta biya kuɗin aiki, sai an sami kilo guda ko fiye a tan. Ke nan sai wani abu ya tattaro shi ya ninka yawansa kusan sau dubu. Ga yadda abin ya faru, mataki-mataki.

Mataki na farko shi ne tacewa. Narkakken dutse ba ya daskarewa gaba ɗaya. Waɗansu sinadarai kan riga wasu zama ƙwayoyin dutse, su zauna, su bar sauran a narke. Tangistin da kuza da nayobiyam ba su da gurbi a cikin waɗannan ƙwayoyi na farko, saboda haka kullum ana barin su a ruwa. Mu ɗauki misalin tafki mai kanwa: yayin da rani ya ja, ruwa na raguwa, amma abin da ya rage yana ƙara kauri da ɗanɗanon kanwa. Haka narkakken dutsen da ya saura yake ƙara cika da waɗannan ƙarafa, tare da ruwa da gishiri da wani sinadari mai suna fulorin, wanda ke hana shi saurin daskarewa, ya ba shi lokacin ci gaba da tacewa.

Mataki na biyu shi ne taruwa a rufi. Da yake wannan saura ya fi sauƙin nauyi, sai ya hau sama ya taru a ƙololuwar garanayit ɗin, a ƙarƙashin dutsen da ya rufe shi. A nan ruwan da ke cikinsa yake rabuwa da shi, ya zama wani ruwa mai tsananin zafi da gishiri, ɗauke da narkakkun ƙarafa.

Mataki na uku shi ne fashewa. Tukunyar da aka danne murfinta tana tafasa, dole tururi ya nemi hanya. Ƙarfin wannan ruwa, tare da tsukewar da dutse ke yi in yana hucewa da kuma motsin ƙasa, su suke tsaga rufin. Ruwan sai ya kutsa cikin tsagogin.

Mataki na huɗu shi ne saukewa. Da ruwan ya shiga tsaga, danniya ta ragu, zafi ya fara sauka, wani lokaci ya gauraya da ruwan sama da ya nutso ƙasa. Da yake ruwan mai tsami ne, yana cin bangon tsagar, ya mayar da garanayit wani dutse mai ruwan toka ko kore-kore, mai sheƙi, wanda masana ke kira giraisin. Cin bangon yana rage tsamin ruwan, yana kuma sakin baƙin ƙarfen da ke cikin dutsen. Da tangistin ya sami baƙin ƙarfe da manganis, sai su haɗu su zama wulfuramait, yawanci a zafin da ke tsakanin digiri 300 zuwa 400. A ƙarshe farin dutsen ƙanƙara ya cike tsakiyar tsagar. Wannan cikakkiyar tsaga ita ce muke kira jijiya.

Akwai sharaɗi na biyar wanda ya zo daga baya, wato kada zaizayar ƙasa ta share rufin. A wurare da yawa na tsaunin Jos, ruwa da iska sun cinye rufin tun tuni, kuzar da ke ciki ta gangara cikin rafuka, shi ya sa arzikin Jos a yashi aka fi samun sa. A Riruwai kuwa zaizaya ta yaye murfin ne kawai ta tsaya, don haka jijiyar tana nan a mazauninta. Ta miƙe daga gabas zuwa yamma tsawon kimanin kilomita 5, kuma binciken da aka yi da injin huda dutse ya nuna ta nutsa fiye da mita 400.

YADDA MA'ADINAI SUKE JERUWA

A nan ne zuciyar maganarmu take. Ruwan da ya taso ba ƙarfe ɗaya ya ɗauko ba. Akwai kuza, da tangistin, da jan ƙarfe, da tutiya, da dalma, wani wuri har da azurfa. Kowane ɗaya yana da iyakar zafin da zai iya zama a narke. Yayin da ruwan ke nesa da garanayit yana hucewa, sai ya riƙa sauke kayansa ɗaya bayan ɗaya, kamar motar haya da ta taso daga Kano tana ajiye fasinja, wani a Kwanar Ɗangora, wani a Tudun Wada, wani sai an wuce Falgore. Kuza da tangistin su ne masu sauka da wuri, kusa da tushen zafi. Jan ƙarfe na biye da su. Tutiya da dalma su ne masu dogon zango, sai ruwa ya huce sosai suke sauka.

Wurin da aka fara fahimtar wannan tsari da kyau shi ne Konwal, a kudu maso yammacin Ingila, yankin da ya yi suna da haƙar kuza, wanda kuma mahaƙansa da dama suka zo aiki a filayen kuzar Jos. Akwai wata mahaƙa a can mai suna Dolcoath. An shafe shekaru masu yawa ana haƙar jan ƙarfe a cikinta, har ya fara ƙarewa aka yi zaton arzikinta ya zo ƙarshe. Da aka ci gaba da nutsawa a tsakiyar ƙarni na 19, sai ga kuza a ƙarƙashin jan ƙarfen, a jijiya guda, aka yi ta haƙa har zurfin ya kai kusan mita 1,000. A wannan yanki an lura cewa wulfuram ya fi zama a saman sashen kuza, daidai inda yake haɗuwa da ƙasan sashen jan ƙarfe, sannan dalma da tutiya suna can nesa da garanayit. Da masu mahaƙar sun yi watsi da ita ranar da jan ƙarfe ya ragu, da sun bar rabin arzikinsu a ƙasa.

Darasi na biyu daga kudancin ƙasar Sin yake, a duwatsun Nanlin, inda tarin wulfuramait mafi shahara a duniya yake. A shekarun 1960 masanan ƙasar suka gano cewa siffar jijiyoyin ma tana da tsari, suka kamanta shi da bene mai hawa biyar. A hawa na sama, abin da ake gani a fili 'yan siraran layuka ne masu sheƙi, kaurinsu bai kai na tsinke ba, babu mai kallon su sau biyu. In aka nutsa sai su zama ƙananan jijiyoyi masu yawa, a ƙasa da su kuma su haɗu su yi kauri, sannan a zo ga manyan jijiyoyi inda arzikin yake, daga ƙarshe su sirance su ɓace a cikin garanayit. Da wannan sani suka riƙa gano ma'adinan da ko alamarsu babu a bisa ƙasa, sai dai waɗannan siraran layuka.

To mu dawo gida. A Nijeriya ma an daɗe da lura da wannan jeri, domin tun a 1943 wani masani mai suna H. L. Haag ya wallafa bincike a kan wulfuram ɗin ƙasar nan da yadda sassan kuza da wulfuram da kwalambait suke. A Riruwai jerin yana bayyana ta fuska uku.

Fuska ta farko, in mutum ya ratsa jijiyar daga tsakiya zuwa gefe. A tsakiya akwai farin dutsen ƙanƙara. A gefensa dama da hagu akwai giraisin mai sheƙi. Bayansa akwai wani dutse jajaye. Bayan wannan sai a koma ga garanayit na asali. Launin dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarmu ma yana faɗa mana nisanmu da jijiya.

Fuska ta biyu, in aka bi zamanin da kowane ma'adini ya sauka. Kuza da wulfuramait suna cikin na farko. Bayansu ne masu haɗe da farar wuta suka zo: dutsen tutiya, da na jan ƙarfe, da na dalma, wato dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Sai dai da yake garanayit ɗinmu ya tsaya ne kusa da doron ƙasa, ruwan ya huce da sauri cikin ɗan gajeren zango. Saboda haka sassan da a wasu ƙasashe suke da tazara mai yawa, a wurinmu sun hau kan juna. Na baya ya zo ya cike gurbin da na farko ya bari, a jijiya ɗaya. Wannan ne ya sa dutsen tutiya ya fi kuza yawa a jijiyar Riruwai, ko da yake da kuza aka san ta.

Fuska ta uku, in aka dubi zoben baki ɗaya. Kwalambait ba ta cika bin jijiya ba. A warwatse take ƙwaya-ƙwaya cikin garanayit ɗin da ruwan farko mai gishiri ya sauya. A kwarin Kaffo kuma akwai wani nau'in garanayit mai ɗauke da ma'adinin da ya ƙunshi nayobiyam da yuraniyam. Irin wannan tsari na jijiyoyin kuza da wulfuram ana samun sa a duwatsun Tibchi na Jihar Bauchi.

Ya kamata a lura cewa jerin nan jagora ne ga mai bincike. Tsagewar ƙasa kan gusar da jijiya, ruwa kuma kan taso sau biyu ko uku ya maimaita jerin. Don haka alama a fili ba ta ɗauke wa kowa huda dutse da awon samfur.

WULFURAM BA YA NISA DA GIDA

Akwai wani bambanci tsakanin kuza da wulfuramait da ya kamata kowane mai gona a gindin dutse ya sani. Kuza tana da tauri, ruwa kan ɗauke ta kilomita da yawa ba ta lalace ba, shi ya sa ake wanke ta a rafi da ƙwarya. Wulfuramait kuwa gautsi gare shi, yana tsagewa falle-falle, kafin ya yi nisa ya zama gari ya bi ruwa. Saboda haka duk inda aka tsinci manyan gutsattsarinsa a kan ganga ko a bakin ƙorama, to jijiyar da ta haife shi tana nan kusa, ta sama da wurin.

Ana iya bambanta su ba tare da na'ura ba. Wuƙa tana karce wulfuramait, amma ba ta karce kuza, kuma da ƙyar take taɓa kwalambait. In aka goga kuza a kan farin tangaran marar sheƙi, sawunta fari ne ko ruwan ƙasa mai haske, na wulfuramait kuwa ruwan ƙasa ne mai duhu ko baƙi. Injin maganaɗisu mai ƙarfi yana janye wulfuramait da kwalambait ya bar kuza, da haka masu saye ke raba su. Mai haƙar da ya sayar da buhu a gauraye da sunan kuza kaɗai, ya yi kyautar sauran bai sani ba.

ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

Kakanninmu na Riruwai sun iya narkar da kuza su zuba ta tsinke-tsinke, fatake su kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Waɗannan tsinkaye ne suka ja hankalin Turawan kamfanin Neja, har suka aika da masu bincike a 1902 da 1903 neman tushenta. Ba a daɗe ba sana'ar ta fita daga hannun masu ita. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta matsu da kuza, aka yi ta kwasar talakawan Arewa zuwa aikin tilas a filayen kuza, abin da iyayenmu suka kira diban gwamna. A wannan zamani na yaƙi an haƙi wulfuram a Nijeriya saboda buƙatar makamai. A shekarun 1970 aka shiga aikin mahaƙar ƙarƙashin ƙasa a kan jijiyar Riruwai, aikin ya tsaya a shekarun 1980, sannan rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoban 1985 ta ƙara danne al'amarin.

A duk waɗannan zamuna, mai zuwa daga waje ya zo da taswira da awo, mai gida kuwa ƙarfinsa kaɗai ya bayar. Farashi ya tashi aka zo, ya faɗi aka tafi, aka bar mana ramuka da tarin ƙasa.

Jerin ma'adinai yana da wata fuska da ta shafi rayuka. Tunda a jijiyarmu sassan sun hau kan juna, mai neman wulfuram ko kuza dole ya tono dalma tare da su. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje ya hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, aka kuma sake ganin irinsa a Jihar Neja a 2015. Ban da dalma, ƙurar farin dutsen ƙanƙara tana daskarar da huhu, cutar da ba ta da magani. Duwatsu masu farar wuta kuma, in aka tara su a fili ruwan sama ya jiƙa su, ruwa mai tsami ke fita daga cikinsu ya shiga rafi da rijiya. Baƙin yashin da ke saura bayan an tace kuza da kwalambait kan ƙunshi ƙwayoyi masu fitar da tururin nukiliya, bai dace a yi gini ko daɓe da shi ba.

SHAWARWARI

Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta ba al'umma haƙƙi. Ta tanadi neman amincewar mai fili da biyan diyya, ta kuma wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a riƙa sabunta ta duk bayan shekara biyar. Bisa wannan, muna ba ƙungiya shawarwari kamar haka:

1. A kafa kwamitin ma'adinai wanda zai ƙunshi 'ya'yanmu masana duwatsu da lauyoyi da likitoci, tare da wakilan iyayen ƙasa da na masu haƙa. Mu da ke birni mu ne muka fi kusa da ofisoshi, wannan nauyi a wuyanmu yake.

2. Kwamitin ya nemi taswirar yankinmu da tsofaffin rahotanni daga Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, ya kuma bincika a Ofishin Rajistar Lasisin Haƙa domin a san wa ke riƙe da wane fili, da irin lasisinsa, da ranar ƙarewarsa.

3. Kada wani mai gona ko mai unguwa ya sa hannu a takardar amincewa sai lauyan ƙungiya ya karanta masa ita da Hausa. A tabbata yarjejeniya ta ambaci duk ma'adinan da za a fitar, tutiya da tangistin da kwalambait da sauransu, ba kuza kaɗai ba.

4. A taimaka wa matasanmu masu haƙa su kafa ƙungiyoyin gama kai masu rajista, su nemi lasisin ƙananan mahaƙa, su riƙa kai samfur awo kafin su yi ciniki.

5. A hana niƙa dutse da wanke shi a cikin gida ko kusa da rijiya, a nesanta yara da mata masu ciki daga wurin, a riƙa jiƙa dutse kafin a fasa, a kuma auna ruwan sha aƙalla sau ɗaya a shekara.

6. A ware wani kaso na tallafin karatun da ƙungiya ke bayarwa domin ɗalibai masu karanta ilimin duwatsu da injiniyancin haƙa.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, 'yan'uwa, mun ga yadda narkakken dutse ya tace tangistin, ya tara shi a rufinsa, ruwan zafi ya ɗauke shi ya sauke a jijiya tare da kuza, sannan tutiya da dalma suka biyo baya. An ɗauki dubban shekaru ana wannan aiki, ya kuma yi shekara miliyan 170 a ajiye, amma injinan zamani na iya kwashe shi cikin rayuwar mutum ɗaya, kuma ba ya sake tsirowa kamar gero. Masu zuwa neman sa sun san jerin nan sarai. Ya rage namu mu ma mu san shi, domin ranar da za a zauna a kan tabarmar ciniki a tarar da mu da namu awon a hannu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma tun ran gini tun ran zane.

Muna roƙon babban taro ya duba waɗannan shawarwari kafin a tashi, ya sanya wa kwamitin wa'adin kawo rahoto a taron baɗi. Allah Ya albarkaci ƙasarmu da zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.